Messo: Ka San Shi Kafin Ka Ɗora Masa Laifi

Yau maganarmu a kan wani naman daji ce, wanda mutane da yawa sun ji sunansa, amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa da idonsu. Sunansa messo. Zabarmawa suna ce masa filiki, a littattafan lakwal kuma karakal ake rubutawa. In ka shiga kasuwar Turaku a nan Lazare, ka zauna wurin makiyayan da suka kawo bisashe daga nesa, ka ambaci messo, za ka ji magana iri iri. Wani zai ce ɗan zaki ne. Wani zai ce damisa ce marar zane. Duka biyun ba haka ba ne.

Kana iya tambaya, mene ne ruwan mutumin birni da naman da ba ya shigowa gari? To, unguwar Lazare ta san darajar ɗan akuya. A farin 1973 da 1974, nan ne aka yi zangon dubban makiyaya waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suka iso Yamai hannu wofi. Wanda ya sake tada garke bayan irin wannan masifa, yawanci da awaki yake farawa, don su ne masu saurin haihuwa. Har yau kuma mutane da yawa a nan ƙafarsu ɗaya a birni take, ɗaya a ƙauye. Ga ragon turke a gida, ga gona da ƴan bisashe a hannun dangi, a hanyar Walam ko ta Filinge. Ran da aka aiko maka cewa wani abu ya kashe maka ɗan tunkiya da dare, kana bukatar ka san ko mene ne. Maganin kura daban, na kare daban, na messo daban.

Kamanninsa

Messo dangin kyanwa ne, kamar zaki da damisa. Ya fi muzurun gida girma nesa ba kusa ba, amma bai kai damisa ba. Daga ƙasa zuwa kafaɗarsa santimita 40 ne zuwa 50, wato kamar kamu ɗaya. Namiji yakan yi kilo 8 zuwa 18, mace ba ta kai shi ba. Na wuraren fari sun fi ƙanƙanta.

Jikinsa ja ne, ja mai haske irin na jigawa, babu zane babu ɗigo a bayansa. Cikinsa fari-fari ne. Wutsiyarsa gajera ce. Ƙafafunsa na baya sun fi na gaba tsawo, shi ya sa in yana tsaye za ka ga ƙugunsa ya ɗan fi kafaɗarsa tudu. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Alamar da ba ta ɓata kuwa ita ce kunne. Kunnensa dogo ne mai tsini, bayansa baƙi, a kan tsinin kuma ga tuntun baƙin gashi mai tsawon santimita 4 ko 5, kamar tsinken ashana. A dajin ƙasarmu babu wata kyanwa mai irin wannan tuntu sai shi. Daga kunnen nan ma ya samo sunansa na boko. Turkawa ne suke ce masa karakulak, ma'ana baƙin kunne. Wani masani ɗan Faransa mai suna Buffon ya ɗauki sunan a 1761, ya mai da shi karakal.

Yana da wani ɗan'uwa mai dogayen ƙafafu da baƙin ɗigo-ɗigo a jiki, mai son ciyawar fadama da bakin kogi. Kada ka haɗa su. Messo na tudu ne, na ƙaya da duwatsu.

Ina yake zaune?

Ana samunsa a mafi yawan ƙasashen Afirka, ban da ƙurmi mai duhu da tsakiyar rairayin Sahara. Akwai shi a ƙasar Makka, da Iran, har Indiya. A kudancin Afirka yana da yawa, har makiyaya suna kuka da shi. A nan Afirka ta Yamma kuwa ya yi ƙaranci, jefi-jefi ake samunsa.

A Nijar, wuri mafi kusa da mu inda aka tabbata yana nan shi ne gandun dajin W, kamar kilomita 150 kudu da Yamai. Kai da ka yi karatu ka san harafin W. An ba dajin wannan suna ne don a can kogin Isa ya yi lanƙwasa mai kama da harafin. An mai da shi gandun ƙasa a 1954, kuma rabon Nijar a cikinsa hekta 220,000 ne. Akwai messo a duwatsun Abzin, akwai shi kuma a dutsen Tarmit, can gabas, inda aka kafa gandu a 2012.

Tsakaninmu da W akwai dajin tudu na geza da sabara. Irin wurin da yake so ke nan, don yana da maɓuya, yana da zomo da fakara. Amma ka dubi motocin itace da suke shigowa Yamai kullum daga wajen Sayi da Torodi. Kowane lodi, maɓuya ce ta ragu. In daji ya yi sarari, zomo da zabin daji su ne suke fara ɓacewa, mai cinsu kuma ko ya yi ƙaura, ko ya juyo wajen garke.

A cikin Lazare kanta, tsakanin gidaje da motoci, kada ka yi zaton messo. Kazar da ta ɓata a nan, ka nemi muzuru, ko kare, ko mai ƙafa biyu.

Yadda yake zama inda babu ruwa

Abin mamaki ga messo shi ne yadda yake jure rani. In ya sami ruwa yana sha. In bai samu ba, yana iya daɗewa ba tare da ya je tabki ba. Asirin yana cikin abincinsa. Ɗanyen nama, kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne. Messo yana bukatar kamar rabin kilo na nama a yini, ka ga ke nan ya sami kusan sulusin lita na ruwa bai sunkuya a bakin rijiya ba. Ƙodarsa kuma, kamar ta sauran dangin kyanwa, tana tsimin ruwa: fitsarinsa kaɗan ne, mai kauri.

Sauran dabarar ita ce gudun rana. Da zafi ya taso sai ya shige tsaguwar dutse, ko gindin sarƙaƙƙiya, ko tsohon rami, ya kwanta. Sai almuru ya fito, ya yi yawonsa cikin dare har asuba. Da hunturu, ko ranar da gari ya yi lumshi, yakan yi farauta da rana a inda mutane ba su dame shi ba. A tafin ƙafarsa akwai gashi mai tauri tsakanin tsokoki, wanda yake taimakonsa tafiya a kan yashi.

Inda abinci ya yi wuya, dole ya yi tafiya mai nisa. A wuraren da ke da albarka a Afirka ta Kudu, yankin namiji ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 15 zuwa 30 ba. Amma a hamadar arewacin Saudiyya masana sun ɗaura wa wani namiji na'ura a wuya, suka bi shi wata 11, suka tarar ya zagaye fili na murabba'in kilomita fiye da 1,100. Rabin rabonmu na gandun W ke nan, ga dabba ɗaya tak. Wannan ya nuna maka abu ɗaya: a ƙasa irin tamu messo ba ya taɓa yin yawa a wuri guda. In ƙauyuka uku sun yi kuka da shi cikin wata ɗaya, mai yiwuwa ne duk guda ɗaya ne yake zagayawa.

Farautarsa

Ba ya bin nama da dogon gudu kamar kare. Sanɗa yake yi. Da kunne yake fara gano abin da zai kama, don yana jin motsin ɓera a cikin ciyawa, yana kuma juya kowane kunne inda ya so ba tare da ya motsa kai ba. Sai ya lafe da ƙasa, ya yi ta jan ciki, har ya rage kamar taku biyar ko shida tsakaninsu. Daga nan sai ya zabura kamar kibiya. Ƙaramin nama, a ƙeya yake cizonsa. Babba kuwa, maƙogwaro yake kamawa ya riƙe har numfashi ya ɗauke. Da haka yake iya kada abin da ya ninka shi nauyi sau biyu, kamar gada ko barewa.

Ka tuna dogayen ƙafafun baya? Ga amfaninsu. Messo yana iya tuma sama mita 3, ya fi tsawon bangon ɗaki, ya maƙe tsuntsun da ya riga ya tashi. In kurciyoyi ko zabin daji sun taru wurin shan ruwa, yakan faɗa cikinsu ya kaɓo fiye da ɗaya kafin ya dira. A zamanin da, sarakunan Indiya da na Farisa sukan horar da shi don farauta. Har gasa ake yi, a sake shi cikin tattabaru a ga nawa zai kayar. Yau a Indiyar ya kusa ƙarewa, har a 2021 gwamnatinsu ta sa shi cikin dabbobin da ake neman ceto. Yana kuma hawan itace sarai. Wannan ma ka riƙe shi, saboda zabinka masu kwana a kan reshe.

Ma'aikacin da ba ka biya

Yanzu ga abin da ba a cika faɗa ba a Turaku. Masana sun binciki kashin messo da tumbinsa a ƙasashe da yawa don su san abin da yake ci. Mafi yawan abincinsa ƙananan namun daji ne: ɓeraye iri iri, da zomo, da kurege, da rema a wurin duwatsu, da tsuntsaye.

Kai manomi ka san waɗannan sunaye. Ɓeran daji ne yake bin layin shuka da dare yana tone irin hatsi, har ka sake shuka sau biyu ko uku. Kurege ne yake tone gyaɗa. Zomo ne yake aske wake da ƴan itatuwan da ka dasa. Tsofaffi suna tune da annobar ɓeraye da ta biyo bayan fari a ƙasashen Sahel, a 1975 da 1976, da kuma wadda ta sake zuwa a 1986 da 1987.

Mu yi lissafi tare. Rabin kilo a yini, a shekara ya kama kilo 180 da ɗoriya. Ɓeran gona matsakaici nauyinsa kamar giram 100 ne. Da a ce ɓera kaɗai messo yake ci, guda 5 ke nan kullum, wato fiye da 1,800 a shekara. Ba ɓera kaɗai yake ci ba, gaskiya ne. Amma ko rabin wannan ya ci, ka auna yawan damman hatsin da ya tsirar. Shi da mujiya da yanyawa da kyanwar daji, aikin gadi suke yi maka kana barci.

Haihuwa da reno

Messo ba ya zaman garke. Kowa shi kaɗai yake yawo, sai lokacin barbara namiji da mace suke haɗuwa na ƴan kwanaki. Kowane babba yana da yankinsa, yana sa masa alama da fitsari da kashi da karce a jikin itace. Yankin namiji ya fi faɗi, yakan haɗa da na mata biyu ko uku.

Cikin mace wata biyu da rabi ne. Takan haifi biyu ko uku, wani lokaci ɗaya, da wuya su kai shida. A tsohon ramin dabgi ko na beguwa take haihuwa, ko kogon dutse, ko cikin sarƙaƙƙiya. Ƴaƴan suna zuwa ido rufe, kunne kwance. Wajen kwana goma ido yake buɗewa sosai, kafin wata guda kuma kunnuwa sun miƙe. Uwa kaɗai ke reno. Suna tare da ita har wata 9 ko 10, sa'an nan kowa ya kama gabansa, ya tafi neman yankin da ba mai shi.

Shin yana cin bisashe?

I, yana ci. Ba za mu ɓoye maka ba. Ɗan akuya da ɗan tunkiya daidai bakinsa suke, yana kuma iya kashe babbar akuya. In ya sami shiga garken da dabbobi ba su da hanyar gudu, yakan kashe fiye da abin da zai ci, don motsinsu yana ta tsokano shi. Kaji da zabi ma ba su tsira ba. Ba kowane messo ke yin haka ba. Da yawa suna rayuwa su mutu ba su taɓa dabbar gida ba. Amma wanda ya ɗanɗana ya ga da sauƙi, yakan komo.

Sai dai a ganina, a ƙasar da messo ya yi ƙaranci haka, karnuka kuma suka yi yawa haka, ba daidai ba ne a yanke hukunci daga jin labari. Gani ya kori ji. Ka je wurin da sassafe, kafin rana ta yi, kafin dabbobi da yara su tattake sawu.

Ka fara da ƙasa. Sawun messo zagayayye ne, faɗinsa kamar santimita 5, yatsu huɗu, kuma babu alamar farce, don kyanwa tana janye faratanta in tana tafiya. Sawun kare da na dila da na kura kuwa, a gaban kowane yatsa za ka ga ɗan ramin farce. Wannan kaɗai yakan raba gardama.

Sa'an nan ka dubi mushen. Amma tsaya tukuna. In dabbar ta faɗi ne farat ɗaya, cikinta ya kumbura da wuri, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta dubura, kada ka sa mata wuƙa. Alamar ciwon saifa ke nan, yana kuma kama mutum. Ka kira likitan dabbobi. In babu wannan alama, ka sa leda a hannu, ka feɗe fatar wuya a hankali.

Abu na farko da za ka nema shi ne jini kwance a ƙarƙashin fata, wurin cizon. In akwai, dabbar tana da rai aka cije ta. In babu, ta riga ta mutu da ciwo ko yunwa, mai cin mushe ne kawai ya zo daga baya. Dabbobi da yawa da ake cewa naman daji ya kashe, zawo ne ya kashe su, ko tsutsar ciki. In jariri ne, ka dubi kofatonsa da cikinsa. Wanda kofatonsa ke da taushi da tsabta, cikinsa kuma babu nono, bai taɓa tashi ya sha ba.

Aikin messo yana da tsabta. Za ka ga hujin fiƙa a maƙogwaro, biyu a kowane gefe, tsakaninsu ya ɗan fi faɗin babban yatsa. Sau da yawa akwai karcen farce a kafaɗa ko a gadon baya, inda ya riƙe. Daga cinya yake fara ci, musamman naman da ke tsakanin ƙafafun baya. Yakan fige gashi ya zubar a gefe. Ba ya fasa manyan ƙasusuwa, yawanci kuma ba ya taɓa tumbi da hanji. Wani lokaci yakan ja mushen zuwa gindin kurmi, ya yayyafa masa ciyawa ko ƙasa, don ya komo.

Dila ta ciki yake buɗewa, ya ci hanta da zuciya da sauran kayan ciki, ya gwigwiyi bakin haƙarƙari. Kura ba ta barin abin kallo da yawa: ta fasa ƙashi, ta ja sauran ta tafi. Karnuka kuwa ɓarna suke yi. Cizo ko'ina, a ƙafa, a kunne, a ciki, dabba biyu ko uku da rauni, ga fata a yage, abin da aka ci kuma kaɗan. In kuwa babu jini, babu gashi, babu sawun jan mushe, igiya ma a kwance take ba a tsinke ba, to, wannan ba aikin mai ƙafa huɗu ba ne.

Guba da tarko

In mutum ya yi hasara, zuciya takan ce masa ya sa guba a sauran mushen. An gwada wannan hanya a wurare da yawa, kuma mun san inda ta kai.

A yankin Karu na Afirka ta Kudu, ƙasar masu kiwon tumaki, daga 1931 zuwa 1952 ana kashe messo fiye da 2,000 kowace shekara. Har yau makiyayan can suna kuka da shi. A wani yanki mai suna Ceres, masana sun duba littafin ƙungiyar maharba na shekarun 1979 zuwa 1987. Suka tarar gonakin da aka kashe messo a cikinsu, a shekara mai zuwa hasararsu ƙaruwa ta yi. Ka tuna samarin da suke barin uwa suna neman yankin da ba mai shi? In ka kashe babba mai yanki, ka buɗe musu ƙofa ne. Wataƙila wanda ka kashe zomo yake ci, waɗanda suka maye gurbinsa kuma ba su ƙware da farauta ba, sai su nemi abin da ya fi sauƙi.

Ita kuma guba ba ta da ido. Messo ya fi son abin da ya kashe da kansa, saboda haka sau da yawa ba shi ne zai fara isa ga naman ba. Karen gidanka ne, da ungulu, da hankaka, da dila. A da, ma'aikatan kiwo da kansu sun yi ta zuba guba a dajin Sahel don kashe kuraye da diloli, ta kuwa kashe da wanda aka nufa da wanda ba a nufa ba. Wani masanin tsuntsaye mai suna Thiollay ya ƙidaya ungulaye a hanyoyin Burkina da Mali da Nijar wajen 1970, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji. Guba tana cikin dalilan. Ungulu kuwa ita ce mai share mushe kafin ya zama cuta. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ba mu ma yi maganar yaron da zai tsinci tsuntsun da guba ta kashe ya gasa ba.

Ko maganin ɓera na kasuwa yana bin wannan hanya. A birnin Kef na Afirka ta Kudu, inda messo ke zaune a duwatsun gefen gari, an auna hantar waɗanda suka mutu, aka sami maganin ɓera a cikin fiye da 9 daga kowane 10. Ɓera ya ci magani, messo ya ci ɓera.

Ga kuma doka. Dokar farauta ta ƙasarmu, mai lamba 98-07 ta ran 29 ga Afrilu 1998, ta hana farauta da nama mai guba, ta hana farautar dare. Ta kuma sa messo cikin dabbobin da aka hana kashewa sam, tare da giwa da raƙumin dawa da damisa.

Gyaran garke

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan akuyan da aka bari ya kwana a fili, ko aka bar shi a baya cikin sabara da magariba, kiran naman daji aka yi.

Shingen ƙaya yana tsare kura da dila in ya yi kauri. Amma dabbar da take tuma mita 3, take kuma hawan itace, shinge ba ya hana ta. Abin da yake hana messo shi ne rufi. Ba sai ka rufe garke duka ba. Ka yi wa ƙanana ɗan ɗakinsu, na laka ko na itace masu ƙarfi a jere, ka rufe samansa da ragar waya ko da itace da ƙaya, ka sa ƙofa mai rufuwa sosai. Ka duba kada a bar ramin da kan kyanwa zai shiga, don inda kai ya wuce jiki ma zai wuce. Ka bar wa iska hanya, ka riƙa share kashin, kada ka tsere wa messo ka faɗa hannun ciwon huhu. In akwai reshen itace da ya ratso kan garken, ka sare shi. Ka kuma sassabe kurmin da ke manne da shingen, don mai sanɗa ba ya son fili.

Ƴan wata ɗaya zuwa uku su zauna gida, uwaye su tafi kiwo. Akuyar da ta kusa haihuwa, kada ta kwana a daji. A koro bisashe tun rana ba ta faɗi ba, a ƙidaya su a bakin garke, kuma kada a bar wannan aiki ga ƙaramin yaro shi kaɗai. Kare mai ƙoshi wanda ya tashi tare da garke tun yana ɗan kwikwiyo yana da amfani ƙwarai, don messo ba ya son hayaniya. A yi masa allurar haukan kare. Kare mai yunwa kuwa, shi ne zai zama ɓarawon. Kaji su kwana a akurki mai murfi. Zabi ma a saba musu da shiga ɗaki tun suna ƙanana, ta hanyar ba su tsaba a ciki da maraice.

Ka fi sa ido daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar damina. Lokacin ne naman daji yake ƙaranci, bisashe suke rama, suke kuma nisa wajen neman ciyawa.

Messo ba ya neman mutum. In kun haɗu, shi zai fara gudu. Amma in an rutsa shi a rami ko a tarko, yana da farce da haƙori, kada ka sa hannu. In yara sun tarar da ƴaƴansa a rami, su bar su inda suke. Uwar ba ta yashe su ba, farauta ta tafi. Samari suna ganin hotunansa a waya, wai ana kiwonsa a ɗaki a ƙasashen Turai. Kada wannan ya ruɗe ka. In ya girma, kajin maƙwabta ne za su fara biya, kai kuma ka shiga hannun hukuma.

In ka gyara garke, duk da haka hasara ba ta tsaya ba, ka kai magana wurin mai gari da ma'aikatan kula da daji na yankinku, don su ne doka ta ba ikon yin wani abu game da dabbar da ta addabi jama'a. Kada ka je da baki kawai. Ka rubuta ranar da abin ya faru, da wurin, da irin dabbar da aka kashe da watanninta, da inda cizon yake. In akwai waya mai hoto, a ɗauki sawun da wuyan mushen, a ajiye kwalin ashana a gefe don a gane girmansu.